Yadda Ake Karanta Tsohon Hoton Baje Kolin Duniya

Hoton baje kolin duniya ya fi sauran tsofaffin hotuna wuyar sha'ani, domin abin da aka ɗauka ɗin shi kansa shiri ne. An gina shi don a kalla, an tsara inda mai kallo zai tsaya, bayan wata shida kuma aka rufe wurin. Saboda haka hannu uku ne a cikin kowane hoto irin wannan. Akwai na wanda ya tsara ginin ko rumfar, akwai na mai ɗaukar hoto, sannan akwai halin sinadarin da ke kan gilashin da ake ɗaukar hoto a kai a wancan zamani da takardar da ake wanke shi, wanda ke juya haske da launi ba tare da neman izinin kowa ba. Aikin mai nazari shi ne ya raba wa kowa kasonsa. Wanda ya tsallake wannan rabo zai yaba wa mai hoto kan aikin magini, ko ya ɗora wa magini laifin sinadari.

Za mu riƙe misali ɗaya mu bi shi: hotunan da Charles Dudley Arnold ya ɗauka a baje kolin Shikago na Amurka, wanda aka buɗe ranar 1 ga Mayu 1893 aka rufe a ƙarshen Oktoba. Arnold shi ne mai hoton da hukumar bajen ta ɗauka aiki. Daga baya za mu leƙa Wembley ta Landan a 1924, inda mai karatu Bahaushe ke da abin da zai gani wanda wasu ba za su gani ba.

Kwafin da za ka yi aiki da shi

Kwafin da ke yawo a Facebook da WhatsApp ba ya aikin nazari. An matse shi, an yanke masa gefe, wani lokaci ma an shafa masa launi da manhaja, launin da kintace ne kawai. Ka nemi babban fayil, irin TIFF, daga wurin da asalin hoton yake ajiye. Laburaren Majalisar Dokokin Amurka da shafin Gallica na babban laburaren Faransa suna sakin irin waɗannan hotuna kyauta. Kwafi mai kyau yana nuna gefuna huɗu na hoton, da kwalin da aka manna shi a kai, idan da hali har da bayansa.

Idan asalin yana hannunka, ka yi sikanin ɗinsa a kan dpi 600 ko sama, wato ɗigo 600 a kowane inci, ka zaɓi launi ko da hoton baƙi da fari ne, ka kashe duk wani gyaran da na'urar ke yi da kanta. Ruwan ƙasa-ƙasa ko shunayyar da ke jikin takardar shaida ce, idan na'ura ta wanke ta an yi asara. Kada ka ɓamɓare hoto daga kwalinsa, takardun wancan zamani sirara ne, za su yage ko su nannaɗe.

Wace irin takarda ce

Kana bukatar gilashin ƙara girma mai ninki 10, in ka samu mai ninki 30 ya fi, da ƙaramar tocila da za ka haska daga gefe.

Hoton farin ƙwai, wato wanda aka wanke a takardar da aka shafa wa farin ƙwai, shi ya mamaye kasuwa daga wajajen 1855 zuwa 1890. Yana da ɗan sheƙi, launinsa ruwan ƙasa mai ratsin shunayya, wuraren da ya kamata su zama fari sun yi rawaya, kuma a ƙarƙashin gilashi za ka ga ƙananan tsagu da zaren takarda. Hoton filatinam, wanda ake wankewa da sinadarin ƙarfen filatinam, ba shi da sheƙi ko kaɗan, hoton yana cikin zaren takardar ne, launin toka ne mai matakai da yawa tsakanin fari da baƙi, kuma ba ya koɗewa kamar na farin ƙwai. Sau da yawa yakan bar inuwarsa ruwan ƙasa a jikin takardar da ta daɗe tana kwance a kansa. Manyan hotunan Arnold da suka fi shahara na filatinam ne. Hoton azurfa da jelatin kuwa santsi ne, ba a ganin zaren takarda, in ya tsufa wuraren duhu da gefuna sukan yi ƙyalli kamar ƙarfe idan an karkata shi ga haske. In ka ga ɗige-ɗige a jere, bugun injin ɗab'i ne, daga littafi ko jarida ko katin wasiƙa, ya riga ya ratsa hannun wani mai gyara kafin ya iso gare ka.

Amfanin wannan bincike a fili yake. Taushin da mutane ke yabawa a hotunan Arnold, yadda farin gini ke fita ba tare da ya ƙone ba, rabinsa aikin filatinam ne. Hoto ɗaya da aka buga a littafin tsaraba mai arha zai fito da kaushi, sai wanda bai sani ba ya ce mai hoton ba gwani ba ne.

Katin wasiƙa yana taimakawa wajen kintatar shekara. Raba bayan kati gida biyu, gefe na saƙo gefe na adireshi, an halatta shi a Birtaniya a 1902, a Amurka sai 1907. Katin da ke ɗauke da hoton Shikago 1893 amma bayansa a rabe, bugun baya ne.

Inda kyamara ta tsaya

Nan ne ake gane mai hoto, don haka a nan ya kamata ka fi ɓata lokaci.

Tsakiyar bajen Shikago wani dogon tafki ne da ya miƙe daga yamma zuwa gabas. A yamma akwai ginin hukumar baje mai ƙubba, aikin Richard Morris Hunt. A gabas akwai gunkin mace mai ruwan zinariya, tsawonsa ƙafa 65, aikin Daniel Chester French, bayansa jerin ginshiƙai, bayan ginshiƙan kuma Tafkin Michigan. Ginin kayan masana'antu yana arewa, na noma yana kudu. Masu zanen gine-ginen, ƙarƙashin jagorancin Daniel Burnham, sun yi yarjejeniya cewa layin kan bangon duk gine-ginen da ke kewaye da tafkin zai tsaya a tsawo ɗaya, ƙafa 60, wato kimanin mita 18. Wannan daidaiton layi da ke jan ido cikin hoto, kason magina ne. Arnold ya same shi a shirye.

Ka buga hoton a takarda, ka ɗauki rula da fensir. Ka bi layin kan bango na ginin dama ka zarce da shi, ka yi haka da layin gindin ginin, sannan ka maimaita a ginin hagu. Inda layukan suka haɗu, ka ja layi a kwance ta wurin. Wannan shi ne layin ido, kuma duk inda ya ratsa jikin gini, nan ne tsawon da kyamara take. In ya ratsa daidai kawunan mutanen da ke tsaye, na kusa da na nesa duka, mai hoton yana ƙasa tare da jama'a. In ya ratsa tsakiyar bango, yana kan dandamali ko baranda. In kuwa ya bi ta kan layin nan na mita 18 ko sama da shi, yana kan rufi. A hotunan da ake hangen Tafkin Michigan, bakin ruwan da ya haɗu da sama zai tabbatar maka da lissafinka.

Arnold yana yawan hawa sama. Daga can jama'a sukan koma ƙananan ɗigo, tsarin filin ya bayyana kamar yadda yake a takardar zane, ba ƙura, ba gajiya, ba layin masu jiran abinci. Wannan zaɓi ne, kuma zaɓin da ya yi wa hukumar daɗi. Hukumar ta ƙuntata wa sauran masu hoto: mai ziyara da ke son shiga da ƙaramar kyamarar hannu sai ya biya dala 2 a rana, alhali kuɗin shiga kansa santi 50 ne, kuma an hana shi mazauni mai ƙafa uku. Shi ya sa siffar bajen da ta zauna a idon duniya, mafi yawanta daga inda mutum ɗaya ya tsaya aka gan ta.

Sai ka duba layukan tsaye, ginshiƙai da kusurwoyin bango. Idan an ɗaga bakin kyamara sama don a kamo ƙubba, layukan sukan karkata su nufi haɗuwa a sama, gini ya yi kamar zai faɗi baya. Babbar kyamarar ƙwararru tana da allon gaba da ake zarewa sama yayin da gilashin baya ke tsaye cak, sai a kamo saman gini ba tare da an karkata komai ba. Ginshiƙai a miƙe daga gefe zuwa gefe alama ce ta irin wannan kyamara da hannun da ya san ta. Wani lokaci za ka ga kusurwoyin sama sun ɗan yi duhu, an zare allon ne har ya kusa fita daga da'irar hasken idon kyamara. Karkatattun ginshiƙai da ƙasa mai gangara kuwa sun fi nuna hoton ɗan ziyara, kuma kada ka raina shi, sau da yawa shi ke nuna abin da hoton hukuma ya kauce wa.

Fatalwa da inuwa

Mai tafiya da ƙafa yana cin kimanin mita 1.4 a daƙiƙa ɗaya. Idan an bar idon kyamara a buɗe daƙiƙa guda, zai fito kamar shafaffen hayaƙi mai tsawon da ya kusa tsayinsa. In an kai daƙiƙa da yawa sai ya ɓace, ya bar ɗan dishi-dishi a ƙasa, waɗanda suka tsaya cak ne kawai za su fito. Ƙafafun masu tafiya a fili ba gauraye na nufin an ɗauka cikin ɗan ƙanƙanin kaso na daƙiƙa. Tuta da ruwa ma suna ba da labari: tuta mai gauraye da ruwa mai santsi kamar an goge, ɗauka ce mai tsawo. A cikin manyan zauruka, inda haske ya yi ƙaranci, fatalwa ta fi yawa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ga fili fayau a ce bajen bai samu jama'a ba. An ƙirga shiga kimanin miliyan 27 a Shikago, kuma a ranar 9 ga Oktoba kaɗai fiye da mutum 700,000 suka shiga. Fili fayau yana nufin ɗayan uku: an ɗauka da sassafe, ko kafin a buɗe bajen, ko doguwar ɗauka ta share masu tafiya. Dogayen inuwoyi na nuna na farko. Katakon magina, tsani da tarin kaya a gefe na nuna na biyu. Dishi-dishi a kan hanya na nuna na uku. Abin da ke cikin hoton ma yakan yanke gardama: babban lilon ƙarfe na George Ferris bai fara ɗaukar mutane ba sai 21 ga Yuni, don haka hoton da ya nuna shi yana aiki ba na watan Mayu ba ne.

Wajen karanta inuwa, kada ka ɗauki ma'aunin Kano ko Zinder ka kai can. A ƙasar Hausa rana takan hau tsakar ka, har ta ratsa ta arewa a wasu watannin. A Shikago da Paris da Landan ba ta taɓa yin haka, inuwar tsakar rana kullum arewa take nuna wa. Tunda tafkin Shikago gabas da yamma ya miƙe, fuskar ginin arewa da ke kallon kudu ita ke shan rana yawancin yini, fuskar ginin noma kuma ta zauna a inuwa. In hoton yana fuskantar gabas amma ka ga ginin dama ne ke shan rana da tsakar rana, na hagu a inuwa, ka yi zargin an juya hoton wajen bugu, ka nemi wani rubutu a jikin allo ka ga ko a birkice yake. Tsawon inuwa kuma yana nuna wata. A Landan, da tsakar rana a watan Yuni, inuwar mutum kusan rabin tsayinsa ce, a ƙarshen Oktoba ta haura ninki biyu.

Launin da gilashi ya ɓoye

Gilasan hoto na ƙarni na 19 sun fi jin shuɗi, daga baya aka samu masu jin kore da rawaya, amma ja ba sa ganinsa. Masu jin dukkan launuka sai a 1906 suka shiga kasuwa, kuma tsofaffin sun ci gaba da aiki shekaru da yawa bayan haka. Sakamakon shi ne ja ya koma baƙi, shuɗi mai haske ya koma fari. Ginin sufuri na Shikago, wanda Louis Sullivan da abokin aikinsa Dankmar Adler suka zana, ya saɓa wa sauran fararen gine-ginen: jajaye da sauran launuka aka yi masa, da babbar ƙofa mai ruwan zinariya. A hoto sai ya fito da duhu da nauyi. Wanda ya rubuta cewa ginin "mai baƙin rai" ne, gilashi yake kwatantawa.

Wannan ya shafi mutane ma. Jar hula takan fito baƙa. Fatar baƙin mutum, idan an auna haske don farin bango, takan rasa siffofin fuska. A hotunan ƙauyen Dahomey, wato Jamhuriyar Benin ta yau, da aka kafa a sashen nishaɗi na bajen Shikago, ka tambayi kanka don wa aka auna hasken, don fuskokin mutanen ko don abin da ke bayansu. Amsar tana nuna abin da mai hoton ya ɗauka da muhimmanci.

Sama kuma takan fito fara fat, saboda shuɗinta ya cinye gilashin. In ka ga gizagizai masu kyau a tsohon hoto, ka bincika, domin an saba ɗauko su daga wani gilashin a haɗa wajen wanki. Alamomin su ne hasken girgije ya fito daga wani gefe daban da inuwar ƙasa, ko ruwan tafki bai nuna girgijen ba, ko wani siririn farin zare ya bi bakin rufi.

Abu na ƙarshe a nan: farin da ke kama da marmara ba dutse ba ne. Filasta ce da aka kwaɓa da zaren da ake saƙa buhu, aka lulluɓe ƙarfe da katako, aka fesa farin fenti. Ka ƙara girman gindin ginshiƙai da bakin ruwa a hotunan ƙarshen baje, wani lokaci za ka ga tsagu da ɓarewa. Yawancin gine-ginen gobara ta cinye su a 1894.

Birni mai ganuwa a Wembley

Baje kolin Daular Birtaniya, wanda Sarki George na Biyar ya buɗe ranar 23 ga Afrilu 1924 aka kuma maimaita a 1925, na ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila ne kawai, amma tsarinsa irin na baje kolin duniya ne. Sashen Afirka ta Yamma an yi shi a siffar birni mai ganuwa irin na Arewacin Najeriya, a ciki akwai rumfunan Najeriya, Gold Coast wato Gana ta yau, da Saliyo, an kuma kawo masu sana'ar hannu suna aiki a gaban 'yan kallo. Hotunansa sun yaɗu a katunan wasiƙa.

Duk matakan da suka gabata suna aiki a nan, sai dai wanda ya tashi yana ganin ginin ƙasa yana da ƙarin ma'auni. Katangar tubali tana da kauri a gindi, tana sirancewa a sama. Yaɓe yana ɗauke da sawun hannu, damina tana zaizaye shi, ana sake shi, don haka babu kusurwa biyu da suka yi daidai. Rufin soro yana zaune a kan azara, kuma dole ruwa ya samu indararo da zai bi. Ka nemi waɗannan ɗaya bayan ɗaya a hoton. Zankwaye duk girmansu ɗaya ne kamar an zuba su a mazubi? Akwai indararo, in akwai yana inda ruwa zai bi ko ado ne kawai? Faɗin ƙofar na shigar jaki da kaya ne ko na tururuwar 'yan kallo? Abin da ka samu kason mai tsara rumfa ne, yana nuna maka abin da ya ɗauka daga ginin Hausa da abin da ya bari.

Kason mai hoto yana gefen hoton. Wembley cike take da gine-ginen kankare, fitilu, alluna da Turawa sanye da kwat. Hoton da ya kawar da duk waɗannan, ya bar ganuwa da mutum ɗaya cikin riga, an yanka shi ne don ya yi kama da an ɗauka a Afirka. Irin waɗannan ne ake sakawa a intanet da sunan "tsohuwar Kano". Kafin ka yarda, ka duba daɓen ƙasa, irin itatuwa, tsawon inuwa, da ko akwai igiya ko shinge tsakanin mai sana'a da kyamara. Hoton da ya bar 'yan kallo a ciki ya fi faɗin gaskiya, kuma sau da yawa ya fi kyau, domin yana nuna wa ke kallon wa. Haka za ka bi da hotunan rumfar Afirka ta Yamma ta Faransa a bajen mulkin mallaka na Paris a 1931, wadda aka kwaikwayo daga ginin ƙasa irin na Djenne da Timbuktu.

Rubutun ƙasan hoto shi ma ka karanta shi a matsayin aikin wani mutum. A irin waɗannan katuna an fi rubuta ƙabila ko sana'a, sunan mutumin ba safai ake sa shi ba. Tun a lokacin an yi ƙorafi: ɗaliban Afirka ta Yamma da ke Landan sun nuna rashin yarda da yadda jaridun Ingila ke kwatanta 'yan Afirka, kuma a 1925 Ladipo Solanke da abokansa suka kafa ƙungiyar ɗaliban Afirka ta Yamma a can. A Shikago ma Ida B. Wells da Frederick Douglass sun rarraba ɗan littafi a rumfar Haiti kan yadda aka ware baƙaƙen Amurka daga bajen.

Rubuta abin da ka gano

Kada ka yanke hukunci da hoto ɗaya. Ka nemo aƙalla uku na wuri guda, na hukuma, na ɗan ziyara, da na jarida, ka ajiye su kusa da taswirar bajen, ka sa alama inda kowace kyamara ta tsaya da inda ta fuskanta. Abin da ya bayyana a biyu ya ɓace a na uku, shi za ka bi.

Wajen rubutu, ka fara da abin da kowa zai iya tabbatarwa da idonsa: girman hoton da santimita, irin takarda, rubutun gaba da na baya harafi da harafi, tsawon kyamara, gefen da haske ya fito. Sannan ka kawo rabon, wannan na magini, wannan na mai hoto, wannan na gilashi. Ra'ayinka ya zo a ƙarshe, kowace jimla tana jingine da wani abu da ka nuna a sama. "Hoton yana da kwarjini" ba ya gamsar da kowa. Wanda zai gamsar shi ne ka ce an ɗauka daga saman rufi, ginshiƙai a miƙe, rana daga gabas, mutane ƙalilan, kuma waɗannan huɗun ne suka sa filin ya yi kama da birnin da ba a taɓa takawa ba. Inda kintace ka yi, kamar wata ko sa'a, ka rubuta hujjar kusa da shi, ka kuma sa lambar ajiyar hoton da sunan laburaren da ke riƙe da shi don wani ya iya buɗe fayil ɗin ya ja nasa layukan.